Jaji Ɗan Doka da Motar Babayo

Duk wanda ya ci kasuwar Azare a shekarun da mota ta fara zama abin gani kullum ya san Jaji ɗan doka. In bai san sunansa ba, ya san muryarsa. Dogon mutum ne baƙi, da tsagen Barebari a kumatu, yana tsaye a mararrabar bakin kasuwa da jar dara a ka, bandeji a ƙwauri, usur rataye a wuya. Mutane suka ce usur ɗin ado ne kawai. In Jaji ya ce "Tsaya," mai keken da ke can wajen rumfar mahauta ma sai ya sauke ƙafa ya waiwayo, ko da shi ake.

Ubansa Bunu ya zo ne daga Barno da ayarin kanwa, ya ga yadda gero ke yi a ƙasar Bulkachuwa, ya sauke kaya bai sake ɗaurawa ba. A can aka haifi Jaji. Noma bai karɓe shi ba, in ya ja kunya sai ta fito a karkace kamar sawun maciji. Amma jakai sun san shi, shi ma ya san su. Da ya yi aure sai ya ɗauki matarsa Meram suka dawo Azare, sarkin kasuwa ya damƙa masa filin da 'yan ƙauye ke ɗaure dabbobinsu. Ran kasuwa jaki ɗari da ɗoriya kan taru a filin nan, daga Gadau, daga Giade, daga ƙauyukan da ko sunansu ba kowa ya sani ba, Jaji kuwa bai taɓa miƙa wa mutum jakin wani ba. Ya san mai cizo, ya san wanda ba a ɗaure shi kusa da jaka, ya san mai kwance igiya da haƙori.

Wata ran kasuwa, cikin kaka, wani baƙon direba ya kutso da motar lodi har gefen filin, ya danna ham. Jakan da ba su taɓa jin irin wannan kuka ba suka tuge turaku, suka yi cikin masu tukwane. Jaji bai bi su ɗaya ɗaya ba. Ya yanka da gudu ya tari tsohuwar jakar da ke gaba, ya riƙe ta a kunne ya juyo da ita, sauran suka biyo baya kamar an kira su. Da ya gama ɗaure su sai ya tako wurin direban, ya nuna masa gindin wata tsamiya can nesa, bai daina nunawa ba sai da motar ta koma can.

Ashe Saje Umara, babban 'yan dokan gari, yana tsaye yana kallo. Ya kira shi.

"Kai, wa ya ba ka izinin korar mota?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Jakai ne suka riga ta zuwa."

Saje ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce ya same shi a ofis da safe. Kafin wata ya mutu Jaji ya shiga kayan En'e. Ranar da ya fara dawowa gida da su, Meram ta zagaya shi sau biyu, ta ce komai ya yi, sai dai ƙwaurin nan da aka naɗe kamar na mai karaya.

Aikin da aka ba shi na mararraba ne. Keke sai da lambar En'e da ƙararrawa da birkin da ke ci, ba goyo, ba shiga cikin kasuwa a kan sirdi, kowa ya bi hannun hagu. Takarkari da jaki su wuce turke, kada a tsaya ciniki da su a tsakiyar hanya. Jaji bai son jan mutum gaban alƙali a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Yakan ce alƙali na fama da gado da iyakar gona, ba a kai masa ƙararrawa. Abin da yake yi, in ya kama mai keke da laifi, sai ya durƙusa ya kwance bawul ɗin tayar baya, iska ta fice, ya jefa bawul a aljihu.

"Bayan la'asar ka zo da abin da babu, ka karɓi abin da ke nan."

Mutum ya yini yana tura keke cikin rana, abokansa na yi masa sannu da hawa, ba ya sake mantawa. Meram kuwa ta saba, kafin ta jiƙa rigarsa sai ta zazzage aljihu a faifai, ta ware na mutane gefe.

Har muhutin alƙali bai tsira ba. Wata safiya ya ɓullo da goyon wani abokinsa a baya, manyan riguna na kaɗawa. Jaji ya tsai da shi, ya ƙame ya sara masa, sannan ya durƙusa. Yana tambayarsa iyali da gajiya, yatsunsa na kwance bawul.

"Jaji, ka san ko ni wane ne?"

"Na sani, Allah gafarta malam. Ai da hannunka ka rubuta dokar. Ni karanta mini aka yi."

Muhuti ya tura kekensa har kotu. Aka ce da alƙali ya ji, sai da ya ajiye alƙalami don dariya.

Haka aka yi ta tafiya shekara goma ko fiye, har zamanin babban yaƙin nan da aka kwashi samari zuwa ƙasar Bama. A lokacin ne aka ga motocin lodi sun fara cushe bakin kasuwa, aka share wani fili yamma da ita, aka jera kututture aka shafe su da farar ƙasa, aka ce nan ce tasha, kowace mota a nan za ta sauke ta ɗauka. Motocin ba su fi biyar ko shida ba ran kasuwa. Duk suka bi doka, ban da guda.

Mai ita sunansa Babayo, Bafillace ne siriri, fari, mai yawan zance. Yana tasowa daga Kano da gishiri da kananzir da fasinja, ya yada zango a Azare, ya wuce Fataskum, bayan kwana huɗu ya biyo ta nan ya koma. Motarsa tsohuwa ce mai jikin katako, yana kiranta Goggo, wai don ba ta tashi sai ta yi mita. Wurin da ya zaɓa ya riƙa tsai da ita shi ne bakin karofi, daidai inda hanya ta fara gangarawa zuwa kududdufi. In Goggo ta tsaya a nan, masu nono sai sun raɓa da ƙwaryarsu, takarkari ba ya wucewa da taiki, marina kuwa ba su da wurin shanya.

Abin da ya dagula wa Jaji aiki shi ne, Babarbare da Bafillace abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Duk abin da ɗaya ya gaya wa ɗaya, ba a ɗaukarsa da zafi.

Makon farko Jaji ya zo ya ce, "Direba, ga tasha can."

Babayo ya leƙo ta taga. "A'a, Babarbare ne? Wace kazar ce ta yi maka tono a fuska haka? Zo ka ɗaukar mini buta."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Jaji ya danne tasa da ƙyar, ya ce, "Buta sai ka sauko, in iska ba ta ɗauke ka ba. Amma mota tasha."

"Yanzu zan matsa."

Bai matsa ba sai da ya gama lodi. Mako na biyu ya ce Goggo ta tsufa, tana son inuwar ɗorawar nan. Mako na uku ya ce ai warin baba magani ne gare ta. Kullum mutane na taruwa kallo kamar ana dambe, har wasu direbobin suka fara cewa su ma bari su nemo Babarbaren kansu. Rannan Saje Umara ya kira Jaji gefe.

"Jaji, wasan ne ya fi ƙarfin dokar, ko direban ne ya fi ƙarfinka?"

Maganar ta soke shi. Mota ba keke ba ce balle ya kwance mata bawul. Ran kasuwa mai zuwa bai tanka wa zolaya ko ɗaya ba, ya buɗe ƙofar motar da kansa ya ce, "Sauko, alƙali na kira."

A gaban alƙali ma Babayo bai bar halinsa ba. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah gafarta malam, a ina aka taɓa jin Babarbare ya ba Bafillace umarni?"

Alƙali ya ce, "A zaure, ku kuka san wannan. A mararraba mai dara ne babba. Ka tashi yanzu ka kai motarka tasha. Kai kuma ɗan doka, ka shiga ciki ka zauna, kada ka sauko sai ta tsaya inda aka ce."

Jaji ya yi shekara goma sha ɗaya yana ba motoci hannu, amma bai taɓa shiga ko ɗaya ba. Ya hau gaba ya zauna a ɗarare, ya riƙe katakon kujera da hannu biyu. Ya lura Babayo bai fita ya juya ƙarfen nan da ake zurawa a hancin mota ba, yadda sauran direbobi ke yi. Birki kawai ya saki. Goggo ta fara silalewa a gangaren shiru kamar mai sanɗa, can ta yi tari, ta girgiza, inji ya kama. Suka zagaya ta bayan kududdufi suka shiga tasha. Babayo ya tsaya tsakanin fararen kututture, amma ya bar inji na ruri.

"Kashe ta," in ji Jaji.

"Bari ta huce."

"Da wuta a ciki za ta huce? Ba a lodi inji na aiki. Kashe ta."

Babayo ya dube shi. Karon farko ke nan da Jaji ya ga fuskarsa babu dariya. Ya miƙa hannu ya murɗa, motar ta yi tsit.

"To, ka kashe ta," in ji shi a hankali. "Kai za ka tashe ta."

Nan ya gaya masa gaskiya. Ya naɗe hannun riga ya nuna masa wuyan hannunsa na dama, da ƙulli a inda ƙashi ya haɗe. Bara waccan ƙarfen tayarwa ya mayar masa da bugu, ya karya shi, ya kuma kakkarya haƙoran da ƙarfen ke kamawa a jikin inji. Ya zagaye Kano kaf babu irinsu, aka ce sai yaƙi ya ƙare jirgin ruwa ya kawo. Tun daga nan Goggo ba ta tashi sai a gangare.

"Daga Kano zuwa Fataskum babu gangaren da ban haddace ba. Garinku kuwa shimfiɗe yake kamar faifai, guda ɗaya tak Allah ya ba ku, shi ne na bakin karofi."

"Me ya hana ka faɗa tun farko?"

"In faɗa fasinja su ji? Wa zai shiga motar da ba ta tashi? In kuma magana ta kai ofis aka ce in ajiye ta, mutum goma sha ɗaya ke ci a jikinta."

Jaji ya duba ƙasan tasha, yashi ne har idon sawu. Ya tuɓe darar ya ajiye a kan kujera, ya sauko ya kira 'yan dako. Mutum goma suka sa kafaɗa, har da shi, suka yi ta nishi, Goggo ta matsa taku uku ta zauna. Aka ƙaro mutum goma, ta ƙara taku biyu. Rana ta karkata, fasinjan Fataskum sun fara tambayar ko lafiya.

Can Jaji ya hango raƙuma huɗu a gurfane bayan rumfunan kanwa. Ya je ya sami madugunsu, wani dattijo Kashim, ya gaishe shi da Barbarci, suka daɗe suna magana. Da Kashim ya gane cewa motar Bafillace ce za a ja, sai ya miƙe da kansa.

"Ko kyauta," in ji shi. "Amma a tara mutane su gani."

Ba a bukaci tara kowa ba, kasuwa ce ta taso da kanta. Aka aro igiyoyin rijiya aka ɗaura a gaban motar, aka jera raƙuman biyu biyu. Jaji ya san halin dabba. Ya san da inji ya kama za su firgita, in kuwa suna ɗaure sai an yi ɓarna. Don haka ya ari wuƙa wurin mahauta, ya ɗare gaban motar, ya maƙale da hannu ɗaya. Kashim ya yi wa raƙumansa magana, suka miƙe suna gunaguni, igiya ta miƙe. Goggo ta fito daga yashi ta hau hanyar marmara. Aka kora raƙuman suka fara sassarfa, Babayo na riƙe da sitiyari yana salati. Da ya ga tafiya ta yi tafiya sai ya saki kuloci. Motar ta yi tari biyu, ta saki wata ƙara kamar bindiga.

Raƙuma suka zabura. Jaji ya sa wuƙa ya datse igiya ɗaya, ya datse ta biyu, ya yi tsalle gefe ya dira da mazaunai cikin yashi, bandejinsa guda ya warware yana jan ƙasa. Raƙuman ba su tsaya ba sai bakin kududdufi. Mata suka rangaɗa guɗa. Fasinja suka yi ta ɗarewa, Babayo bai yarda ya ɗaga ƙafa daga kan mai ba, ya leƙo ya ɗaga wa Jaji hannu, ya kama hanyar gabas.

Sai da ƙura ta lafa Jaji ya shafa kansa ya ji iska.

Washegari ya fito fareti da hular gida. Saje Umara ya bi layi yana duba mutanensa har ya iso kansa ya tsaya.

"Ina darar En'e?"

"Ta tafi Fataskum, ranka ya daɗe."

"Da izinin wa?"

Sauran 'yan doka suka riƙa cije leɓe. Bayan an watse Jaji ya bi Saje ofis ya gaya masa komai, bai rage ba. Saje ya saurara, ya ce shi ma ya ji tausayin mutumin, amma ba zai yiwu a yi wa mota ɗaya doka daban ba. Ko ta tsaya a tasha, ko a rubuta takarda a ajiye ta sai kayan gyara sun zo. Raƙuma kuwa ba kullum suke gari ba.

Jaji ya dawo gida da azahar, aka sa masa abinci ya yi ta juya cokali. Meram tana tankaɗe a gefe, ta riga ta ji labarin raƙuma daga bakin mata biyar, kowace da yadda ta ƙara masa gishiri. Ya gaya mata abin da Saje ya ce.

"Malam, shi gangaren karofin nan, da shi aka halicci garin?"

"A'a. Ƙasar gini aka yi ta ɗiba har wurin ya zama haka."

"Ashe mutane ne suka yi shi," in ji ta, ta ci gaba da tankaɗenta.

Jaji ya ajiye cokali ya dube ta. Sannan ya jawo kwanon ya cinye tas, ya fita.

Da ya gaya wa Saje abin da ya ƙudura, Saje ya ce in dai cikin tasha ne, kuma ba a taɓa baitulmali ba, shi ba ruwansa. Sarkin kasuwa ya ba da kusurwar arewa. Marina, da yake su suka fi kowa son Goggo ta bar musu wuri, suka ce su za su haƙa. Jigila kuwa Jaji ya san inda zai nema. Ya bi tsofaffin abokansa masu jakai gida gida, waɗanda ya yi shekaru yana tsare wa dabbobi, ba wanda ya ce masa a'a. Da sassafe jaki talatin suka kama hanya tsakanin ramin marmara da tasha, kowanne da mangala cike. In Jaji ya tashi daga mararraba sai ya tuɓe rigar aiki ya kama daɓe. Ana zubawa, ana yayyafa ruwa, ana bugawa. Masu wucewa na tambaya ko masallaci za a gina, marina na ce musu a'a, gadon Goggo ne.

Ran kwana huɗu Babayo ya dawo daga Fataskum. Tun daga nesa aka hango jar dara a kansa, ta faɗa masa har gira. Ya nufi bakin karofi yadda ya saba, sai ya tarar da Jaji tsaye a tsakiyar hanya yana nuna masa tasha. Ya bi hannun yana mita, har ya ga abin da aka yi. Tudu ne ja, mai faɗin mota da rara, an daɓe shi sumul, ta baya a hau, ta gaba a gangaro a faɗa hanya.

Babayo ya hau da Goggo ya tsaya a ƙoli. Ya daɗe a zaune bai sauko ba. Da ya sauko sai ya tuɓe darar, ya kaɗe ta, ya busa mata iska, ya miƙa da hannu biyu.

"Ta yi mini yawa," in ji shi. "Kan Babarbare sai shi."

"Ai akwai abu a ciki," in ji Jaji.

Da lokacin tashi ya yi, jama'a suka taru. Babayo ya saki birki, Goggo ta gangaro, ta yi tari ɗaya, ta isa ƙasa ta tsaya cik. Babayo ya leƙo.

"Aikin Barebari ke nan. Tudun ma sai da kuka rage masa mudu."

A ranar, da kafaɗa aka mai da ita sama, sau biyu, kafin ta kama. Jaji ya sa aka auna gangaren karofi da igiya, ya ga nasa bai kai rabi ba. Jakai suka koma aiki kwana biyar. Da Babayo ya sake zuwa daga Kano, tudun ya ƙara tsawo, gangarensa ya miƙe har bakin hanya. Wannan karon Goggo ba ta kai tsakiya ba ta kama, Babayo ya zagayo ya sake hawa ya kashe ta, ya sake gangarowa, don kawai daɗi. Sai da Jaji ya tuna masa cewa fetur na wuya.

Daga nan bakin karofi ya huta. Sai dai Jaji ya jawo wa kansa sabon aiki, don ashe ba Goggo kaɗai ke ɓoye ciwo ba. Cikin wata guda direbobi uku suka zo a asirce, kowa da dalilin da ya sa motarsa ke son tudu. Ya zama sai ya raba musu, wanda zai riga tashi shi ne a ƙoli, saura su jira a baya. Mutanen gari suka sa wa wurin Tudun Babayo. Jaji ya ce ba komai, ai an saba, Babarbare ya yi aiki Bafillace ya ci suna.

Yaƙi ya ƙare, kayan gyara suka zo, Babayo ya sa wa Goggo sababbin haƙora, daga baya ma ya sayar da ita ya sayi wadda ake tayarwa daga zaune. Amma duk ran da ya shigo Azare sai ya sauka gidan Jaji, buzunsa da butarsa na nan a zaure. Jaji ya samu igiya biyu a hannun riga, ya zama kofur, ya koyar da 'yan doka da yawa tsayuwar mararraba. Abin da yake fara gaya musu shi ne, in mutum ya karya doka sau ɗaya, mantuwa ce, in ya karya sau uku a wuri guda, a tambaye shi me ke damunsa kafin a ja shi.

Ya ajiye aiki bayan shekara ashirin da huɗu, gwiwoyi sun fara ƙara. Ya sayi jakai shida yana ba da su haya ga masu ɗibar ƙasa. Babayo ma ido ya fara yi masa hazo, ya bar sitiyari ya dawo Azare da zama, wai don ya sa wa Barebari ido.

A shekarar ne aka ce za a faɗaɗa tasha, aka kawo motar nan mai wuƙa a ciki da ke baje ƙasa. Tsofaffin biyu suka zo da safe suka zauna a kan kututture suna kallo. Motar ta ja da baya, ta sa wuƙa, ta yanki gefen tudun kamar ana yankan alkaki.

"Kwana nawa ka yi kana tara shi?" in ji Babayo.

"Tara."

"Ga shi ko hantsi ba zai kai ba."

"Ya yi abin da aka tara shi domin shi," in ji Jaji.

Suka zauna har wurin ya zama fili, direbobin zamani suka fara jera motocinsu a kai. Jaji ya dafa gwiwa ya miƙe, ya miƙa wa Babayo hannu ya tashe shi.

"Mu je gida. Meram ta yi burabusko da miyar kuka."

"Ni in ci abincin Barebari?"

"Shekara goma sha uku kana faɗin haka, ba ka taɓa barin loma a kwano ba."

Babayo ya ce ai don kada ya kunyata Meram ne. Suka kama hanya a hankali, suna musu a kan wanda zai riƙe wa wani sanda.